Gishirin da ido ba ya gani a rijiya

A shekarar 1945 wani likita mai suna Hunter Comly, a jihar Iowa ta Amurka, ya ba da labarin jarirai biyu da jikinsu ya koma shuɗi-shuɗi. Da ya bi diddigi, sai ya tarar ruwan rijiyar da ake dama musu madara cike yake da nitrat, gishirin da ke fitowa daga taki da kashin dabbobi da masai. Idan ya shiga cikin jariri, yakan hana jini ɗaukar iska. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: miligiram 50 a lita.

Matsalar ita ce ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tafasawa ma ba ta fidda shi, ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwan ke ƙonewa, gishirin ya zauna.

Na'urar gano shi ba sabuwa ba ce. A 1966 Frant da Ross suka ƙera ƴar sanda mai auna fuluwor ta hanyar lantarki, ba da jimawa ba ta nitrat ta biyo. A bakinta akwai wata siririyar fata da ke jan wannan gishirin. Idan an tsoma ta, sai ta ba da ɗan ƙarfin lantarki daidai da yawansa, a karanta a allo. Sai dai kafin aiki dole a daidaita ta da ruwan da aka san awonsa.

Wannan 1966 ɗin ce ke cizo na a rai. Kusan shekara ashirin bayanta aka fara shan ruwan wani foraj a Tibiri, kusa da Maraɗi, wanda fuluwor ya yi wa yawa. Yara suka tashi da jajayen haƙora da lanƙwasassun ƙafafu. Abin awon yana nan a duniya, amma aka yi shekaru ana sha.

Nakan tuna Tibiri duk sa'ad da na bi Gulbin Kaba, daga Tasawa zuwa Mayahi, na ga rijiya, ga garka ana zuba takin zamani, ga shanu sun yi dandali a bakinta. Ban ce ruwan ya ɓaci ba. Ni malami ne, ban auna ba. Amma a taron iyayen yara na makarantarmu na tambayi yaushe rabon a auna rijiyarmu. Aka yi shiru, sannan wani dattijo ya ce ai tun da aka gina ta ruwanta garau yake.