Ɗan Maishahada

A watan Afrilun 1906, shekara uku bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, rundunar Turawa ta tsaya a bakin ganuwar Haɗeja. Suka aika wa Sarki Muhammadu cewa ya miƙa wuya. Sarki ya mari ɗan aiken. Kafin rana ta faɗi an kashe shi tare da wasu 'ya'yansa da manyan mayaƙansa. Tun daga ranar Haɗejawa ke kiransa Maishahada.

Wannan laƙabi magani ne. Ya mayar da ranar da aka ci gari ranar ɗaukaka, har jikoki suna ba da labarin ba tare da sunkuyar da kai ba. Sai dai ya rufe wani labari: na waɗanda suka wayi gari da rai.

Ɗauki Haruna, ɗan Sarki Muhammadu. Waɗanda suka kashe mahaifinsa su suka naɗa shi. Ya yi sarauta shekara uku, daga 1906 zuwa 1909, yana karɓar umarninsu, yana tara musu haraji. Littattafan tarihi sun ba shi layi ɗaya. Me yake ji idan ya ratsa inda uban ya faɗi?

A 1917 Sigmund Freud, likitan ƙwaƙwalwa na Austiriya, ya bambanta makoki iri biyu: wanda mutum ke yi ya gama, da wanda ke maƙalewa a zuci saboda mai shi bai gane ainihin abin da ya rasa ba. Adabinmu ya taɓa wannan ciwo tun da wuri. A Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, jarumin da Turawa suka fi ƙarfinsa ya tafi ƙasashe masu nisa yana yaƙi da aljannu. Nasarar da ta gagara a fagen daga, sai aka same ta a mafarki.

Marubuci ba zai iya tantance abin da ke zuciyar Haruna ba, amma ƙagaggen labari na iya shiga inda kundin Turawa da kirarin maroƙa suka tsaya. Yawancinmu ba jikokin shahidai ba ne. Jikokin waɗanda suka binne gawawwaki ne, suka koma fadama shuka shinkafa da su, suka yi shiru. Wannan shirun muka gada, kuma har yau yana jiran mai rubuta shi.