Tarihin Magungunan Yaye Masu Shan Ofiyoyid a Asibiti

Ofiyoyid suna ne da ya ƙunshi ofiyom da dangoginsa: mofin, hiroyin, kodin da tiramadol. Idan jiki ya saba da su aka tsayar da su kwatsam, sai mutum ya kama hamma, hawaye da majina su zubo, gumi ya karyo, ciki ya murɗa, ga amai da gudawa, ga ciwon ƙashi da ke hana barci. Domin sauƙaƙa wannan azaba ake kwantar da majiyyaci a asibiti ana ba shi magani har jikinsa ya lafa.

Zamanin gwaje-gwaje

A farkon ƙarni na 20, asibitin Charles Towns a New York ya shahara da haɗin belladona da magungunan wankin ciki masu ƙarfi. A 1935 gwamnatin Amurka ta buɗe asibitin masu shaye-shaye a Lexington, jihar Kentucky. A can Clifton Himmelsbach ya fito da ma'aunin tsananin alamomin yaye, kuma a 1938 shi da Lawrence Kolb suka nuna cewa yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe ba su da amfani, wasu ma illa suke yi. Rage adadin mofin sannu a hankali ya fi su aminci.

Metadon

An haɗa metadon a kamfanin Hoechst na Jamus a ƙarshen shekarun 1930. A ƙarshen shekarun 1940 Harris Isbell ya gwada shi a Lexington. Tunda yana daɗewa a jiki, ana iya maye gurbin hiroyin da shi, a riƙa rage shi cikin kwanaki, zafin yayewa ya yi sauƙi.

Kulonidin da lofeksidin

A 1978 Mark Gold, Eugene Redmond da Herbert Kleber na Jami'ar Yale suka gano cewa kulonidin, maganin hawan jini, yana kwantar da gumi da bugun zuciya ta hanyar rage sinadarin noradirenalin a jiki. Matsalarsa ita ce sauke jini fiye da kima. Lofeksidin, wanda bai cika yin haka ba, ya samu izini a Birtaniya a 1992, a Amurka a 2018.

Bufurenofin

An haɗa bufurenofin a 1966 a kamfanin Reckitt a Ingila. Faransa ta fara ba da shi ga masu shaye-shaye a 1996, Amurka a 2002. Ana sa shi ƙarƙashin harshe, kuma sai alamomin yaye sun bayyana, domin in aka gaggauta shi yakan tsananta su. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi da metadon cikin jerin muhimman magunguna.

Wata hanya dabam, wato yaye cikin sa'o'i kaɗan da naltirekson (maganin da ke toshe aikin ofiyoyid), majiyyaci yana cikin maganin barci, ta bazu daga ƙarshen shekarun 1980, amma an yi asarar rayuka, likitoci suka yi gargaɗi a kanta.

Bayan sallama

Yaye kaɗai ba ya raba mutum da kamu. Wanda aka sallama jikinsa ya rasa juriyar da ya saba, in ya koma ga adadin da yake sha a da, yana iya mutuwa. Shi ya sa yau ake so a ci gaba da metadon ko bufurenofin bayan sallama, tare da nasiha da kulawar iyali. Wannan ya shafi Najeriya, inda yawan shan kodin ya sa gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, tiramadol kuma ya addabi matasa.