Sankarar Jinin Mage: Cutar da Ta Buɗe wa Likitoci Ido Kan Ƙanjamau

Idan ka tashi a gidan noma a Kurfi, ko kana da shagon hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, ba sai an gaya maka amfanin mage ba. Ita ce mai gadin rumbu da ba a biyan ta albashi. Ana gama shigar da gero da dawa ɓeraye za su yi sallama, kuma gidan da babu kyanwa shi ya fi jin jiki. Hatta Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarinta na kauce wa zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa, ta ambaci ajiye kyanwa a gida.

Amma lura da wani abu. Akuya ta yi tari, a nemo malamin dabbobi. Saniya ta ƙi kiwo, maigida ya kasa barci. Mage kuwa ta rame, gashinta ya hargitse, ta daina farauta, sai a ce ai ɓera mai guba ta ci, ko tsufa ne. Wata rana a wayi gari babu ita. Wannan ba sabon hali ba ne, kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Aikin likitan dabbobi a ƙasar nan a kan shanu aka gina shi: cibiyar bincike ta Vom da aka kafa a 1924, babban abin da ta sa a gaba a farkonta shi ne ciwon bushiya da ke share garken shanu. Mage ba a kai ta kasuwa, don haka ba ta shiga lissafi ba.

Wani lokacin gubar ce da gaske. Wani lokacin kuma ƙwayar cuta ce ta bairos mai haddasa sankarar jinin kyanwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da FeLV. Duk inda ake da maguna a duniya ana samun ta. Tarihin gano ta ya cancanci ka sani, domin daga cikinsa aka samo yadda ake jinyar magen da ta kamu, kuma daga cikinsa aka samo wani haske da ya amfani miliyoyin mutane, har da 'yan Najeriya.

Sai mun ɗan koma baya kafin mu zo kan mage. A farkon ƙarni na 20, in ka ce ƙwayar cuta na iya haddasa sankara, dariya malaman likitanci za su yi maka. A 1908 wasu masana biyu a Denmark, Ellermann da Bang, suka nuna ana iya ɗaukar sankarar jini daga kaza a sa wa wata kazar ta hanyar ruwan jikin da aka tace tas, babu ƙwayar sankarar ko ɗaya a ciki. A 1911 Peyton Rous ya nuna irin haka a New York da wani ƙari na kaza. Aka ce ai wannan sha'anin kaji ne. Rous bai samu lambar yabo ta Nobel kan wannan aiki ba sai 1966, bayan shekara 55, yana tsoho tukuf. A tsakani, a 1951, Ludwik Gross ya samu bairos mai sa sankarar jini a jikin ɓerayen gwaji. Nan ma aka samu abin faɗa: ai ɓerayen ɗakin bincike ne da aka yi ta haɗa su auren zumunci, ba dabbobin da ke yawo a gari ba.

Mage ce ta rushe wannan uzurin. A 1964, a makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya, akwai wani masani mai suna William Jarrett. Da ma ya yi suna a kan shanu, don yana cikin waɗanda suka haɗa rigakafin tsutsar huhun maruƙa. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda sankarar kaluluwa ke taruwa a gida ɗaya mai maguna da yawa, wannan ta mutu, waccan ta biyo baya. Sai ya ɗebi ƙarin jikin wata kyanwa, ya niƙa, ya tace, ya yi wa jariran kyanwa allurar ruwan. Bayan watanni suka kamu da sankara. Da ya duba a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai ga ƙwayoyin bairos suna tsirowa daga jikin ƙwayoyin sankarar. Wannan ba ɓeran keji ba ne. Dabba ce da ke kwana a ɗaki ɗaya da mutum.

Yadda bairos ɗin ke aiki kuwa sai a 1970 aka gane, lokacin da Howard Temin da David Baltimore, kowa a nasa ɗakin binciken a Amurka, suka gano dabarar irin wannan dangi. Kowace ƙwayar jiki tana da kundin umarninta, wato DNA. Shi wannan bairos yana shigowa da nasa saƙon, ya kwafe shi da irin rubutun kundin, sannan ya cusa shafin a tsakiyar littafin. Daga ranar, ƙwayar jikin ba ta bambance umarninta da na baƙo. In ta rabu biyu, da shafin za ta rabu. Shi ya sa ake kiran danginsu retrobairos, kuma shi ya sa har gobe babu maganin da ke wanke shi daga jikin mage in ya riga ya zauna a ɓargo, inda ake ƙera jini.

Ga wani abin dariya a gefe. Masu nazarin asalin wannan bairos suna ganin kakansa daga jikin dangin ɓera ya tsallako zuwa kakannin kyanwa, miliyoyin shekaru da suka wuce. In haka ne, ɓera ya daɗe da rama cin da ake yi masa.

To ta yaya yake yaɗuwa? A wancan lokacin ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne irin waɗannan ƙwayoyi gadonsu ake yi daga iyaye, ba a ɗauka daga maƙwabci. Wani likitan dabbobi a cibiyar sankara ta Sloan-Kettering a New York, William Hardy, ya ƙirƙiro gwajin jini mai nuna magen da ke ɗauke da cutar, ya bi gidaje yana gwada maguna. A 1973 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon: magen da ke zaune da mai cutar ita ke kamuwa, ko da babu dangantakar jini a tsakaninsu. Hanyar kuma miyau ce. Lasar juna da maguna ke yi, cin abinci a kwano ɗaya, cizo wurin faɗan muzurai. Uwa ma tana ba 'ya'yanta, tun a ciki ko ta nono. Cuta ce ta zumunci, in ka so ka ce, ta fi bin waɗanda ke shiri da juna.

Na san tambayar da ke ranka, musamman da yake mun saba mage ta sa baki a kwanon ruwa ba ma ƙyamar ta. An yi ta gwada jinin likitocin dabbobi da masu kiwon maguna shekara da shekaru, ba a samu shaidar cewa wannan bairos yana kama mutum ba. Ba ya kama akuya, ba ya kama kaza. Kuma a wajen jiki rago ne: bushewa da zafi suna kashe shi, sabulu ma ya ishe shi.

Binciken Hardy ya haifar da tsarin farko na yaƙi da cutar: a gwada, a ware masu ita. Ya yi aiki, gidajen da suka bi shi cutar ta tsaya. Amma a gaskiya “warewa” a wancan zamani sau da yawa tana nufin allurar mutuwa, har ga magen da ke cin abincinta lafiya lau. An yi asarar da daga baya aka gane ba dole ba ce, domin ba kowace mage da ta haɗu da bairos ɗin ce ke faɗuwa ba. Wata garkuwar jikinta na fatattakar sa tun a bakin ƙofa. Wata tana danne shi, ya laɓe a kundin ƙwayoyinta, ta rayu ba ta yaɗa shi, sai dai yana iya farkawa in garkuwarta ta yi rauni. Kashi na uku su ne waɗanda ya mamaye jininsu. Su ke yaɗa shi, kuma akasarinsu ba sa wuce shekara uku bayan an gano. Jarirai sun fi faɗawa wannan kashi, manya sun fi turjiya.

Yanzu ga inda labarin ya shafe ni da kai. Masu bin waɗannan maguna, cikinsu har da Max Essex na Jami'ar Harvard, wanda shi ma likitan dabbobi ne, sun lura sunan cutar yana yaudara. Yawancin magunan ba sankara ke kashe su ba. Ƙarancin jini ne, da gyambon baki, da mura da gudawa da ciwon da ya ƙi warkewa. Wato bairos ɗin garkuwar jiki yake karyawa, sauran cututtuka su ƙarasa aikin. Da aka fara ba da rahoton wata baƙuwar cuta mai irin wannan siffa a jikin mutane a Amurka a 1981, Essex da Robert Gallo na cikin na farkon da suka ce a nemi retrobairos. Wanda suka fara zargi, HTLV da aka gano a 1980, ba shi ne mai laifin ba. A Cibiyar Pasteur ta Faransa aka fara ware ƙwayar HIV a 1983. Amma dangin da suka nuna da yatsa shi ne daidai, kuma a jikin mage Essex ya fara ganin irin ɓarnarsa.

Zaren bai yanke a nan ba. Wata ɗalibar Essex, Phyllis Kanki, ita ma likitar dabbobi, tana cikin waɗanda tare da Farfesa Souleymane Mboup na Dakar suka gano alamun nau'i na biyu na HIV a Senegal a tsakiyar shekarun 1980. Ita ce kuma ta jagoranci shirin APIN na yaƙi da ƙanjamau a Najeriya da aka fara a 2000, wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ya zama ɗaya daga manyan cibiyoyinsa. Ni dai duk sanda na ji ana raina karatun likitan dabbobi, wannan zaren nake tunawa.

Ita mage fa, me ta samu? A 1985 rigakafin farko ya shiga kasuwa a Amurka, daga aikin Richard Olsen na Jami'ar Jihar Ohio. Gwaji ma ya sauƙaƙa, ya koma ɗigon jini a kan 'yar faranti kamar gwajin maleriya, sakamako cikin mintuna. Tsakanin gwaji da rigakafi cutar ta ragu sosai a Turai da Amurka. Sai dai rigakafin na mai lafiya ne, ba ya yi wa wadda ta riga ta kamu komai. Akwai kuma AZT, maganin ƙanjamau na farko da aka amince da shi a 1987. Likitoci kan ba wasu maguna, yana ɗan rage wahala, amma ba ya warkarwa, kuma yana iya ƙara ƙarancin jini. Shawarar ƙungiyoyin likitocin kyanwa a yau ta juya wa ta shekarun 1970 baya: sakamakon gwaji ɗaya ba hukuncin kisa ba ne. A sake gwadawa bayan makonni, in kuma ya tabbata, a yi jinya.

Jinyar kuwa akasarinta a hannunka take, kuma ba ta fi ƙarfin gidan ƙauye ba. Ɗaga leɓen magenka ka duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne, in ka gan shi fari fat, jini ya yi ƙasa. Shafa ƙarƙashin muƙamuƙi ka ji ko kaluluwa ta kumbura. Macen da ke yawan ɓari, ko 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin makonnin farko, ita ma abin zargi ce. Alamun nan ba su isa hujja ba, don tsutsar ciki da yunwa da guba duk suna kama da haka. Jini ne ke raba gardama. Fara da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma; in abin ya fi ƙarfinsu, asibitocin koyarwa na likitan dabbobi suna Zariya da Sakkwato.

Kafin nan, ware mata ɗaki ko wani lungu mai inuwa, da kwanonta na abinci da na ruwa ita kaɗai, a riƙa wanke su da sabulu. Kada ta kwana da sauran maguna, musamman ƙanana. Abincinta ya zama dafaffe, kifi ko nama ko ƙwai, domin ɗanyen nama da sharar mahauta na ɗauke da ƙwayoyin da jikinta ba zai iya da su ba yanzu. Tuwo zalla ba ya riƙe kyanwa, maciyar nama ce, kuma miyar da ta sha albasa tana fasa mata jajayen ƙwayoyin jini, ga shi da ma jinin ne ya yi ƙaranci. A ba ta maganin tsutsa da na ƙuma wanda likita ya ce na mage ne, ba na kare ko na feshin gona ba. Muzuru kuma a sa likita ya fiɗiye shi, yawon dare da faɗa su ragu. In ta kama mura ko gyambo, kar a jira kwana uku a ga ko zai wuce. Jikin da garkuwarsa ta karye ba ya jira.

Abu ɗaya kuma da zan roƙe ka, don shi ne kuskuren da tausayi ke jawowa: kada ka ba mage farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya sa fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagare ta, ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. In jikinta ya yi zafi, sa ta a inuwa, ajiye mata ruwa kusa, ka ɗauki waya ka kira malamin dabbobin da kake kira wa akuyarka.