Sunayen da ke Ƙofar Majami'unmu

Baƙon da ya zaga Zuru ran Lahadi zai ga allon UMCA, na ECWA, na Katolika, har ya yi tambaya: ashe Ikkilisiyar Almasihu nawa ce?

Yawancin sunayen nan suna nuna hanyar da bishara ta biyo ne. Turawan mishan na UMS sun fara aiki a Tsonga, ƙasar Nufe, a 1905; daga baya suka hauro, suka kafa tasha a Zuru a 1925. Ikkilisiyoyinsu ne suka zama UMCA a 1955. ECWA kuwa 'yar SIM ce, ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Kakanninmu ba su zauna suka auna koyarwar wannan da ta wancan ba. Wanda ya iso ƙauyensu da bishara, da magani, da makaranta, shi suka bi.

Ɗarika tana da amfaninta: ita ke horar da fasto, ta tsare koyarwa, ta tsauta wa mai bauɗewa. Amma dattijon da ya hana 'yarsa auren mai bi don allon ƙofarsu dabam ne, ya koma ga tsattsaguwar da Bulus ya tsauta wa Korantiyawa a kanta. Alhali kuwa Littafi Mai Tsarki na Hausa guda, na 1932, shi iyayen UMCA da na ECWA suka karanta.