Tarihin wayoyin da WhatsApp ya bari a hanya, daga Nokia zuwa Android

Yau ba dabarar danna nan danna can na kawo muku ba, ɗan tarihi ne. Amma idan ka karanta har ƙarshe, zai iya cetar maka hirarrakinka na shekaru.

Idan kai ɗan Zakka ne, ko Safana, ko Batsari, ba sai an tuna maka watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Mun yi watanni waya ba ta da amfani sai tocila da sauraron karatu. Mai uzuri sai ya shiga mota har Katsina kafin ya yi kira. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, muna cikin wannan hali, ranar 1 ga Nuwamba 2021, WhatsApp ya daina aiki a kan duk wayar da Android ɗinta yake 4.0.4 ko ƙasa da haka. Da sabis ya dawo, wasu suka kunna data suka tarar an rufe ƙofa.

Ba wannan ne karo na farko ba. An kafa WhatsApp a 2009 a Amurka, Jan Koum da Brian Acton ne suka kafa shi. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wayoyin zamani da ake sayarwa na Nokia ne da BlackBerry. Manyan yayyenmu za su tuna zamanin Nokia C3 da Asha, lokacin da ake kwana a 2go. A 2014 Facebook ya sayi WhatsApp, a farkon 2016 kuma kamfanin ya sanar cewa zai fara sauke tsofaffin wayoyi. Ga yadda aka bi su ɗaya bayan ɗaya:

Nokia mai Symbian, Yuni 2017.
BlackBerry, ƙarshen 2017.
Nokia S40, irin su Asha, ƙarshen 2018.
Windows Phone, ƙarshen 2019.
Android 2.3.7, Fabrairu 2020.
Android 4.0.4, Nuwamba 2021.
Duk abin da ke ƙasa da Android 5, Oktoba 2023.

To me ya sa? Manhajar da ke wayarka rabin aikin ce kawai. Ɗaya rabin yana can a manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira uwar garke. Duk saƙon da ka tura sai ya bi ta can. Dole su biyun su riƙa magana da yare ɗaya. Idan aka canza tsarin tsaro a uwar garke, kamar yadda aka kulle duk saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa a 2016, ko aka ƙara kiran bidiyo, to sai manhajar wayarka ta koyi sabon yaren. Wayar da ba ta da ƙarfin ɗaukar sabuwar manhaja, nan ake barin ta. Shi ya sa ma kowane zubi na WhatsApp yake da wa'adi: in ka daɗe ba ka sabunta ba, sai ya ƙi buɗewa.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin asara. Da yawa suna zaton hirarsu tana ajiye a wurin kamfanin. Ba haka ba ne. Da zarar saƙo ya iso wayarka, an goge shi daga uwar garke. Wanda bai iso ba, kwana 30 ake riƙe shi a jefar. Ke nan saƙonnin da aka turo mana a farkon katse sabis, ga wanda bai fita gari ba, sun tafi har abada. Asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba kuwa, ana iya goge shi gaba ɗaya.

Hirarka tana cikin wayarka, a wani rumbun bayanai mai suna msgstore.db. An gina shi da SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbu da Richard Hipp ya fitar a 2000, wadda take cikin kowace wayar Android da iPhone. Kowane dare wajen ƙarfe biyu, WhatsApp yakan kwafi rumbun nan ya kulle shi. In ka leƙa fayilolin za ka ga sunansu ya ƙare da crypt12 ko crypt14 ko crypt15. Lambobin nan tarihi ne: da can akwai crypt5, crypt7, crypt8. Duk sanda aka canza kwaɗo, lamba ta ƙaru. Makullin kuma yana ɗaure da lambar wayarka.

Ƙa'idar da ya kamata ka riƙe ita ce: sabuwar manhaja tana iya karanta tsohon rumbu, ta gyara shi ya dace da ita, amma tsohuwa ba ta iya karanta sabo. Tsani ne da ake hawa ba a saukowa. Haka abin yake har a manyan kwamfutoci. Masu kula da rumbun MySQL ba sa tsallakawa daga zubi na 5.6 zuwa 8.0 kai tsaye, sai sun tsaya a 5.7, kuma kafin su taɓa komai sai sun ajiye kwafi. Tsakanin Android da iPhone ma tsarin rumbun ya bambanta, shi ya sa aka yi fiye da shekara goma babu hanyar kamfani ta kwashe hira daga ɗaya zuwa ɗaya, sai a 2021 da 2022 aka buɗe ta.

Ni kaina da kuskure na koyi wannan. Bayan dawowar sabis, ina yaron shago, wani dattijo mai sayar da hatsi ya kawo tsohuwar wayarsa, WhatsApp ya ƙi buɗewa. Ban duba lambar Android ɗinta ba, na ɗauka cuta ce ta shiga, na yi mata fulashin. Komai ya goge, manhajar kuma ba ta hau ba. Sai ya ce, "Yaro, ina muryoyin?" Ashe duk bashin da yake bin mutane a saƙon murya yake, har da muryar ƙaninsa da ya rasu. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce Allah ya ƙaddara, ya karɓi wayarsa ya tafi. Da na sani, minti goma ya isa in kwashe jakar fayilolin zuwa sabuwar waya, in sa layinsa, komai ya dawo.

Don haka, kafin a sake sanar da wata ranar, yi waɗannan:

1. Shiga saitin wayarka, wurin bayanin waya, ka duba lambar Android. In 5 ce ko 6, ka fara tanadin wata tun yanzu, don kai ne a matakin ƙasa.
2. Sa WhatsApp ya riƙa ajiye kwafi a Google Drive, ka rubuta adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirri a takarda. Ka sani tun 2024 kwafin yana cin gurbi a cikin 15GB ɗin da Google ke ba ka kyauta.
3. Ka canza waya tun tsohuwar tana aiki. Tun 2023 akwai hanyar kwashe hira daga waya zuwa waya ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR, amma sai manhajar tana buɗewa a dukkansu.
4. Kada ka karɓi WhatsApp ta Xender ka ce za ka dawo da hira da shi. Sau da yawa tsohon zubi ne. Sauke sabo daga Play Store.
5. Ka riƙe layinka. In ya ɓace, ka je a dawo maka da lambar kafin ka taɓa komai.
6. Duk mai gyaran da ya ce zai yi fulashin, tambaye shi ko ya kwashe maka fayiloli. In ya yi shiru, karɓi wayarka.

Duba taka yanzu, ka rubuto mana lambar Android ɗinta a ƙasa, zan gaya maka inda ka tsaya. Ka kuma duba ta mahaifinka da ta mahaifiyarka, don su ne suka fi riƙe tsofaffin wayoyi. Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, amin.