Famfara

Famfara ita ce zubewar haƙoran nono na yaro, su 20, domin na dindindin su maye gurbinsu. Takan fara wajen shekara 6 da haƙoran gaba na ƙasa, ta ƙare wajen shekara 12. A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, ana tsokanar mai wawulo, ana kuma gargaɗinsa kada ƙadangare ya ga giɓin, wai sabon haƙori ba zai fito ba. Wasu yaran kan jefa tsohon haƙorin bisa rufin ɗaki. A farkon famfara ne turamen farko na dindindin ke fitowa, don haka likitoci ke son a riƙa goge baki sau 2 kullum, da asuwaki ko buroshi, a kuma rage alawa.