'Yar Tsana da Tufafin Taurari: Daga Hollywood Zuwa Yammacin Zamfara

A shekarar 1934 kamfanin Ideal na Amurka ya fitar da 'yar tsana mai kamannin Shirley Temple, yarinyar da ta fi kowa tashe a finafinan wancan zamani, sanye da irin rigunan da ta sa a fim. Kasuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu. Kafin shekarun 1930 su ƙare, kamfanin Madame Alexander ya bi sahu da 'yar tsanar Scarlett O'Hara, jarumar labarin Gone with the Wind.

Da farko yara ake saya wa. Al'amarin ya sauya ne sa'ad da 'yan matan da suka yi wasa da Barbie, wadda Mattel ya ƙaddamar a 1959, suka girma suka sami abin hannunsu. A 1994 Mattel ya fitar da Barbie cikin tufafin Scarlett, a 1995 kuma mai zane Mel Odom ya ƙirƙiro Gene Marshall, 'yar tsanar da aka yi musamman domin manya, cikin adon taurarin shekarun 1940. Masu tara su ba sa ko buɗe kwalin, domin da an buɗe daraja ta ragu.

Wannan sha'awa ta zo ne bayan Hollywood ta kusa yin asarar kayanta. A 1970 kamfanin MGM ya yi gwanjon tufafin tsofaffin finafinansa, jaruma Debbie Reynolds ta saye da yawa don kada su watse. A 2011 aka sayar da farar rigar Marilyn Monroe daga cikin kayan da ta tara a kan dala miliyan 4.6. Wanda bai iya sayen rigar ba, sai ya sayi ƙaramin kwafinta a jikin 'yar tsana.

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum tarihin 'yar tsana ya bi wata hanya dabam. Yarinya kan haɗa tata da karan dawa, ko ƙashi, ko lakar bakin gulbi, ta tsinto ƙyallaye a wurin tela ta ɗaura mata zane da kallabi, har ta tara ƙawaye a yi mata biki. Ba a ɗora mata fuskar wani sanannen mutum. Malamai sun daɗe suna tsananta batun sassaƙa surar mai rai, amma akasarinsu sun sassauta ga wasan 'yan mata, bisa hujjar cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yi wasa da irinsu. Don haka 'yar tsana ta tsaya a ƙuruciya, ba ta bi mai ita zuwa ɗakin aure ba.

Son taurari kuwa ya sami wata ƙofa. Finafinan Indiya sun riga shigowa, sannan na Hausa suka biyo baya tun daga Turmin Danya a 1990, mujallar Fim kuma ta fara fita a 1999. Masoya suka riƙa tara fosta da sitika da kalanda. Mace ta ga ɗinki a jikin jaruma, ta kai wa tela atamfarta ta kwatanta masa. Nan ma ana kwafar rigar fim, sai dai mutum ake ɗinka wa, kuma in ta tsufa ta tafi ke nan.

An yi yunƙurin haɗa hanyoyin biyu a Najeriya. Taofick Okoya ya fara kasuwar 'yan tsanar Queens of Africa a Legas a 2007, cikinsu har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Haneefah Adam ta Ilori ta shahara a 2016 da ɗinka wa Barbie hijabi a shafinta na Hijarbie, kafin Mattel ya sanar da 'yar tsanar Ibtihaj Muhammad mai hijabi a 2017.

Abin da ya rage shi ne adana namu tarihin. Kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura, fosta kuma gara ke cinye ta. Duk wanda zai so sanin yadda aka ɗaura kallabi a zamanin Sangaya, nan gaba zai dogara ne da abin da aka ajiye yau, ko a akwatin tsohuwar jaruma, ko a hannun telan da ya kwafi ɗinkin.